Gwajin tarin fuka a kan cif: abin da na gani a Agege

Wanda tari ya wuce masa mako biyu a Legas ɗin nan, ya daina zaryar kemis, ya nemi asibitin da ke da na'urar gwajin tarin fuka, Truenat ko GeneXpert. Ƙanena mai dako a kasuwar Mile 12 na raka wani asibitin gwamnati a Agege, bayan ya rame, ga zufar dare, kuma da Truenat aka gwada shi.

Kaki ya tofa a ɗan kofi. Ma'aikaciyar ta tace shi a wata ƙaramar na'ura, ta ɗiga ruwan a kan cif, wani ɗan ƙaramin allo. Na tambaye ta abin da ke faruwa a ciki, ta ce: "Malam, zafi da sanyi ne kawai." Na'urar tana ɗumama ɗigon ta sanyaya shi, kowane zagaye DNA ɗin ƙwayar cutar, wato sinadarin halittarta, ya ninka biyu, zagaye 30 ya haura ninki biliyan ɗaya, har ya yi yawan da na'urar za ta iya gano shi. Da yake ɗigon ƙarami ne, nan da nan yake ɗaukar zafi ya huce, shi ya sa aikin ke ƙarewa cikin kamar awa ɗaya. Rainon ƙwayar cutar a ɗakin gwaji kuwa makonni yake ci, madubin likita kuma yakan kasa ganinta idan ba ta da yawa.

Kamfanin Molbio na Indiya ne ya ƙera Truenat, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2020. Da batir take aiki, kuma an ɗauke wuta muna wurin, ba ta tsaya ba. Wannan ya kwanta mini a rai ƙwarai.

An samu cutar. Aka sa cif na biyu don a ga ko ƙwayar tana bijire wa maganin rifampicin, alhamdulillahi ba ta yi. Ko kwabo ba mu biya ba, maganin wata 6 ɗin ma kyauta ne.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne jira. Ma'aikaciya ɗaya ce ga layi har waje, sakamakon awa ɗaya sai washegari ya zo hannunmu. Ɗan dako kuwa in ya rasa yini ya rasa abincin ranar, kuma na ga masu tari sun gaji sun tafi ba a karɓi kakinsu ba. Ya kamata a ƙara ma'aikata, a kuma samu mai jin Hausa a wurin karɓar kaki, domin ƙanena sai da na yi masa tafinta.