Hattara da Masu Manna wa Talabijin Sunan Samsung da LG

Jama'a, ku ji abin da ya same ni, kada ya sami wani.

Wani mai tallar kayan lantarki a intanet ya sayar mini da talabijin mai inci 55, wai Samsung ne, sabo dal cikin kwalinsa, a kuɗin da bai kai rabin na asali ba. Ya ce kaya ne suka yi masa kwantai. Kwaɗayi ya sa na manta araha ba ta ado. Ko wata huɗu ba a yi ba hoto ya ɗauke, sai murya. Na kira mutumin, lamba a kashe.

Mai gyara ya haska tocila a jikin gilashin, sai ga hoton dishi-dishi: fitilun baya ne suka ƙone. Yana kwance murfin ya fashe da dariya. Ɗan allon lantarki ne a ciki kamar tafin hannu, irin na gama-gari, an naɗe wayoyinsa da salatif. Sunan da ke gaba da farce ya ɓamɓare shi. Har tambarin da ke fitowa in an kunna, ya ce ana iya sa wanda aka ga dama.

Abin da ya fi ƙona mini rai, alamar tana gabana tun ranar farko. Talabijin ɗin Samsung masu intanet da manhajar Tizen suke aiki tun 2015, na LG kuma da webOS tun 2014. Nawa Android ne a ciki, ni kuwa sai murna nake an ba ni Play Store. Irin su Sony da TCL ne ke zuwa da Android ko Google TV. Wanda ya nuna muku talabijin ɗin Samsung mai Android, jabu ya nuna muku, ko da zai rantse.

Kafin ku biya, a kunna a gabanku. Ku shiga saiti ku duba lambar siriyal, ta zo daidai da ta bayan talabijin da ta kwali. In an ce 4K ne, yawan ɗigon da ke haɗa hoton (pixel) 3840 x 2160 ake nufi, ba 1920 x 1080 ba. Ni dai a ganina, gara Hisense na gaske mai takardar garanti da babban suna na manne.

Ku tafi da tef ɗin awo ma. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna gilashi, inci 55 kusan santimita 140 ke nan. Nawa yana nan jingine da bango. Jiya na auna shi, 127 na samu: ashe inci 50 ne.