Gargaɗi ga masu haɗa sintisaiza da injin ganga: jabun IC sun cika kasuwar intanet

Duk mai shirin gina sintisaiza (na'urar haɗa sautin kiɗa ta lantarki) ko injin ganga da hannunsa, ko gyara tsohon da ya samu, ya yi hattara da masu tallan IC, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu, waɗanda aka daina ƙerawa a shagunan intanet. Za ka ga an saka hoton CA3080 ko MN3005 ko CEM3340, an rubuta NOS a gefe, wai tsohon ajiya ne da ba a taɓa amfani da shi ba, guda goma a kuɗin da bai kai na guda ɗaya ba. Mafi yawan irin wannan talla damfara ce. Abin da zai iso hannunka wani IC ne dabam mai arha, wanda aka goge sunansa aka buga masa sabo.

Yadda suke yi ba shi da wuya. Suna sayen IC masu siffa ɗaya da yawan ƙafafu ɗaya, wani lokaci ma waɗanda aka ciro daga matattun kayan lantarki. Sai a kankare saman da yashin goge ƙarfe, a shafa baƙin fenti, a buga lambar da ake nema. Idan na ciro ne, a miƙe ƙafafun a sake tsoma su cikin dalma su yi ƙyalli. Abin da ke ba su ƙarfin gwiwa shi ne sanin halin masu gini: mutum zai sayi kaya yau, ba zai kai ga manna wannan IC ɗin a bod ba sai bayan wata biyu ko uku, lokacin da wa'adin kai ƙara ya wuce. Idan na'urar ta ƙi tashi kuma, kansa zai fara zargi, ya kwana yana bin layin dalma ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin farko na ido ne. Ka samu asiton, wato ruwan goge jan farce, ka jiƙa auduga ka goga saman IC ɗin da ɗan ƙarfi. Idan audugar ta yi baƙi, an shafa fenti. Ka karkata shi a hasken fitila: saman gangariya yana da ɗan kaushi iri ɗaya da na ƙasansa, na jabu kuwa sau da yawa za ka ga layukan kankara sun bi gefe guda, ɗan ramin da ke nuna ƙafa ta 1 ya yi sama-sama ko ya kusa shafewa. Ka duba lambar kwanan wata, mai lambobi huɗu, biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. Amma kada ka tsaya nan. Masu buga rubutu da leza suna tsallake gwajin asiton lafiya lau, don haka mita ce za ta yanke hukunci.

Mu fara da CA3080, domin shi aka fi yi wa jabu. Kamfanin RCA ne ya fito da shi a 1969, Intersil ya daina ƙera shi a 2005, kuma tsoffin zane-zanen matatar sauti da na'urar ɗaga murya da volt cike suke da shi. Jikinsa na ƙafa 8 ne, kuma ƙafafunsa na 2, 3, 4, 6 da 7 aikinsu ya zo daidai da na wani IC mai arha da ake kira 741, shi ya sa 741 ne 'yan damfara suka fi sauya wa suna. Bambancin yana ƙafa ta 5. A CA3080 nan ne ake shigar da wutar da ke sarrafa ƙarfinsa, kuma tsakanin ƙafa ta 5 da ta 4 akwai mahaɗa irin ta dayod. Ka juya mita zuwa gwajin dayod, jar waya a 5, baƙa a 4. Na gaske zai nuna wajen volt 0.6 zuwa 0.7, idan ka juya wayoyin kuma karatun ya sauya. A 741 kuwa rezista ce ta kusan ohm 1,000 tsakanin ƙafafun nan biyu, ko ta wane gefe ka auna abu ɗaya za ka gani. Ka ƙara da ƙafa ta 1: a CA3080 ba a haɗa ta da komai ba, a 741 tana da irin wannan ohm 1,000 ɗin zuwa ƙafa ta 4. Gwajin bai kai minti ɗaya ba, ba ka ma kunna wuta ba. Idan ka saka jabun a da'ira, alamar da za ka gani ita ce sauti ya fito a murɗe ko ya maƙale a gefe guda, kuma duk yadda ka juya volt ɗin sarrafawa babu abin da ke motsi. Wanda ke zana bod ɗinsa da kansa ma bai da dalilin neman CA3080: LM13700 yana ɗauke da irinsa guda biyu a jiki ɗaya mai ƙafa 16, har yanzu ana ƙera shi, kuma yana da arha.

Abin takaici, har IC ɗin da ba a daina ƙerawa ba ana yi musu haka. TL072 da TL074 su ne ƙashin bayan kusan kowane modul na Eurorack, wato tsarin sintisaiza da ake haɗawa guntu-guntu, kuma ana sayar da LM358 da LM324 da sunansu, saboda ƙafafun sun zo ɗaya. Wannan jabun ya fi na CA3080 cutarwa, domin yana aiki rabi da rabi. Na'urar za ta tashi, za ta yi ƙara, amma sautin yana da ƙazanta inda igiyar ke tsallake sifili, bakin igiyar zarto ya dakushe a manyan muryoyi, da'irar riƙe volt kuma tana zamewa maimakon ta tsaya cak. Dalili shi ne TL072 yana iya juyawa wajen volt 13 a mikrosakan ɗaya, LM358 bai kai ko ɗaya ba, sannan ƙofar shigar TL072 ta transista irin JFET ce wadda kusan ba ta shan komai.

Wannan bambanci na ƙarshe shi za ka kama shi da shi. A bod ɗin gwaji, ka ba ƙafa ta 8 volt +12, ƙafa ta 4 volt -12. Ka haɗa 1 da 2. Daga ƙafa ta 3 ka kai rezista ta megaohm 10 zuwa ƙasa, wato layin volt sifili. Ɗaya rabin kada ka bar shi a sake: haɗa 6 da 7, kai 5 ƙasa. Sai ka auna volt a ƙafa ta 1. TL072 na gaske ba zai wuce 'yan milivolt ba. LM358 yana fitar da nanoamf goma-goma ta ƙofarsa, ita kuma rezistar za ta mayar da wannan ya zama wajen volt 0.2 zuwa 0.5. Idan ka ga haka, duk ledar ka ajiye ta gefe.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne IC ɗin jinkirta sauti na Panasonic, waɗanda ake yin amsa-amo da ninka murya da su. MN3005 yana da matakai 4,096, MN3008 yana da 2,048, kuma jikinsu iri ɗaya ne sak. To sai a ɗauki MN3008 a rubuta masa MN3005, a ninka kuɗin. Zai yi aiki, sauti zai fita tas, shi ya sa mutane da yawa ba sa ganewa. Lissafin kama shi mai sauƙi ne: tsawon jinkiri daidai yake da yawan matakai, a raba da ninki biyu na saurin agogo. Ka saita agogon a kilohaz 10, ka tabbatar da hakan da mitar da ke auna saurin bugu a ƙafar agogon. MN3005 na gaske zai ba da milisakan 204.8, MN3008 zai ba da 102.4. Don aunawa, ka tura gajeren bugu guda, ka naɗi na asali da na jinkiri tare a manhajar naɗar sauti ta Audacity, ka duba tazarar da ke tsakaninsu a allo. Rabi ya fito, an cuce ka.

Ɗaya salon shi ne MN3207 da sunan MN3007. Dukansu matakai 1,024 ne masu ƙafa 8, amma MN3007 wutar volt 15 yake so kuma ta ɓangaren ragi, MN3207 kuwa ƙaramar wuta ce ta ɓangaren ƙari, bai wuce volt 10 ba. Ka saka shi a gurbin MN3007, wuta ta shige shi a juye, ko ya yi shiru ko ya mutu nan take. Haka direbobin agogonsu: MN3101 na dangin MN3007 ne, MN3102 na dangin MN3207, su ma ana musanya musu suna. Mafita tana nan: Xvive yana sake ƙera MN3005 da MN3007, Coolaudio yana yin V3205 da V3207 da V3102. Su sababbi ne, da sunansu a jikinsu, ba wanda ya ɓoye maka komai.

CEM3340 shi ne mai fitar da murya a Roland SH-101 da Memorymoog da Prophet-5 na zubi na uku. Shekaru da yawa sai a tsohon ajiya ake samunsa, kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, jabu suka yi yawa. A 2016 aka dawo da ƙera shi, sannan ga AS3340 na kamfanin Alfa da ke Riga a Latbiya, ga V3340 na Coolaudio. Yau babu hujjar sayen wani wai tsohon CEM3340 daga wanda ba ka sani ba. Jabunsa ma ba sa ɓata lokacin neman mai kama da shi, kowane IC mai ƙafa 16 suke bugawa suna, wani ka kunna wuta ya ɗau zafi har ya ƙona yatsa. Sai dai a yi adalci a nan, ba kowane 3340 da ya mutu ba ne jabu. Ƙafarsa ta 3 tana da dayod irin na zena a ciki, ba a kai mata volt -12 ko -15 kai tsaye, dole a bi ta rezista mai rage wuta, wajen ohm 820 idan -15 ne. Wanda ya manta da ita zai kashe na gaske da hannunsa. Haka wanda ya juya igiyar wutar Eurorack: jan layin nan na gefen -12 ne.

A ɓangaren injin ganga da na bes, damfarar ta fi zuwa da sunan ƙunshin kayan da suka yi wuya. Masu gina x0xb0x, kwaikwayon injin bes na Roland TB-303, suna buƙatar 2SC1583 da 2SC2291 da 2SK30, masu gina Yocto kuma suna bin zanen injin ganga na Roland TR-808. Sai ka ga an ɗaure su a leda ɗaya ana cewa duk na Jafan ne na asali. 2SC1583 da 2SC2291 transista biyu-biyu ne a jiki ɗaya, amfaninsu shi ne biyun su zo daidai da juna. Ka auna kowane rabi da ƙaramar na'urar gwajin transista, ka kwatanta ƙarfin ninkawarsu da volt ɗin da ke tsakanin tushe (base) da mafita (emitter). Idan sun yi hannun riga, ko ɗaya rabin bai amsa ba, ba su ba ne. Transista biyu na yau da kullum da ka tace da kanka har bambancinsu bai wuce milivolt 2 ba sun fi wannan jabun amfani nesa ba kusa ba. Transistar J201 ma haka: an daina yin mai dogayen ƙafafu na Fairchild, yawancin na arha da ke yawo ba su ba ne. Na gaske, idan ka haɗa ƙofa (gate) da tushe (source) ka ba shi volt 9, wutar da zai ja tana tsakanin miliamf 0.2 da 1. MMBFJ201 ɗan ƙarami na mannawa a saman bod yana nan a kasuwa, a ɗora shi kan ɗan faranti mai ƙafa uku, shi ke nan.

Su kansu injinan ana damfara da su. TR-808 kusan guda 12,000 kawai aka yi tsakanin 1980 da 1983, kuɗinsa yau dubban daloli ne. Wanda ya sa shi a rabin kuɗi yana cewa sauri yake yi, hoton wani ya sato. Ka ce ya naɗo bidiyo injin yana kunne, lambar jikinsa a fili, da takarda a gefe mai ɗauke da kalmar da kai ka zaɓa masa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Batun biya shi ne inda masu saye daga Najeriya da Nijar suka fi shiga haɗari, saboda kaya kan ɗauki makonni a hanya, wani lokaci ta hannun ɗan aike da ke tara kaya a wata ƙasa kafin ya turo. A wurin shagon, ranar da kaya ya isa hannun ɗan aiken ita ce ranar da ka karɓa, wa'adinka tun daga nan ya fara gudu. Don haka kada ka danna cewa ka karɓa alhali ba ka gani ba, kuma ranar da ledar ta iso ranar za ka yi gwaji, ko da ginin sai baɗi. Idan mai sayarwa ya ce ka biya ta hanyar 'yan uwa da abokai a PayPal, ko ka tura ta kirifto, ko ku koma WhatsApp ku ƙarasa ciniki don ya rage maka, ka janye. Biyan kaya da hidima a PayPal yana ba ka damar kai ƙara, na 'yan uwa ba ya ba ka wannan damar.

Kowane IC ka saka masa soket, kada ka manna shi kai tsaye, domin wanda dalma ta taɓa za a ce kai ka lalata shi. Lokacin kai ƙara, ka ɗauki hoton audugar da ta yi baƙi kusa da IC ɗin, da hoton mita tana nuna karatu wayoyinta na kan ƙafafun, da shafin takardar bayanan kamfani mai nuna abin da ya kamata a gani. Ka zaɓi dalilin cewa kayan jabu ne ko ba shi aka tallata ba, kada ka rubuta ba ya aiki kawai, don da wannan za su ce ka mayar da shi da kuɗin jirginka. Idan suka ce ka rufe ƙarar tukuna za su aiko maka da wasu, ka ƙi, domin ƙarar da aka rufe ba kasafai ake sake buɗe ta ba. TL072 da LM13700 da sauran waɗanda ake ƙerawa har yanzu, ka saye su a Mouser ko Digi-Key ko Farnell. Na sintisaiza zalla irin AS3340 kuma akwai su a shaguna irin Thonk a Ingila da Electric Druid. Kuɗin aikowa yana da nauyi ga mutum ɗaya, amma masu gini uku ko huɗu za su iya haɗa oda guda su raba shi.