Porsche Taycan Turbo GT: ina Yuro 240,000 ɗin yake tafiya?

A watan Maris na 2024 ne Porsche ta fito da motar lantarki Taycan Turbo GT, ta sa mata Yuro 240,000 a Jamus, Dala 230,000 a Amurka, Fam 186,300 a Birtaniya. A daidai lokacin, ƙaramar Taycan da ake ƙerawa a masana'anta ɗaya da ita, a unguwar Zuffenhausen ta birnin Stuttgart, Dala 99,400 ce. Gangar jiki iri ɗaya, ƙofa huɗu, amma kuɗi ya ninka har da ɗoriya.

Kafin a taɓa motar, a fara gyara karatun farashin, domin nan masu hasashe suke yawan zamewa. Kuɗin Jamus da harajin VAT na kashi 19 cikin ɗari a ciki. Idan aka cire shi, abin da ya rage bai wuce Yuro 201,700 ba. Na Amurka kuwa tsirara yake, babu harajin sayarwa na jiha, babu kuɗin kai mota wurin dila, wanda ya kusa Dala 2,000. Wanda ya ɗauki farashin Yuro ya juya shi zuwa Dala da canjin ranar, zai fito da lambar da ba ta wanzu a kowace kasuwa ba. Siyasa ma tana sa hannu: a Afrilun 2025 Amurka ta ɗora ƙarin kashi 25 kan motocin da ake shigowa da su, daga baya aka daidaita na Tarayyar Turai a kashi 15. Taycan duka a Jamus ake yin ta, don haka babu ta inda za ta kauce.

Mutane da yawa sun ɗauka batir ne ke cinye kuɗin motar lantarki mai tsada. A nan ba haka ba ne. Batirin Turbo GT mai kilowat-awa 105 ne, wanda 97 daga ciki ake iya amfani da su, kuma girmansa ɗaya da wanda ake sa wa ƙaramar Taycan idan mai saye ya biya ƙari. Ƙididdigar kamfanin bincike na BloombergNEF ta ƙarshen 2024 ta sa matsakaicin farashin batir a Dala 115 kan kowane kilowat-awa. A ninka da 105, Dala 12,000 da 'yan kai ke nan. Ƙwayoyin batirin da kamfanin LG ke yi wa Porsche sun fi na kasuwa tsada, amma ko an ninka lissafin sau biyu, batirin bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin motar da wani abin kirki ba.

Inda aka zuba aiki shi ne inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta ciyar da injin baya. Ta Taycan Turbo S, wadda ke biye da ita a farashi, amfiya 600 take turawa, ta Turbo GT 900, kuma da sinadarin silikon-kabaid aka yi ta, wanda ba ya zubar da wuta a matsayin zafi kamar silikon zalla. Da ita motar ke ba da kilowat 580 a tuƙin yau da kullum, 760 a tsarin tashi daga tsaye, har 815 na daƙiƙa biyu, wato ƙarfin doki 1,108 a ma'aunin Jamus. Akwai wani ɗan harshe a bayan sitiyari da ake ja, ya ƙara har kilowat 120 na daƙiƙa 10. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa daƙiƙa 2.3 ne. A injin baya akwai giya biyu, ta farko don tashi, ta biyu don doguwar tafiya, abin da yawancin motocin lantarki ba su da shi.

Abin da ya fi burge mu ba gudun ba ne, shakazoba ce. Tsarin Active Ride yana da famfon mai na lantarki a kan kowace ƙafa, yana danna ta ko ya ɗaga ta gwargwadon buƙata, ta yadda mota mai nauyin kusan kilo 2,300 take shan kwana ba tare da ta kwanta gefe ba, ta taka birki hancinta bai nutse ba. Wannan shi ne abin da direba zai ji kullum, ko a gudun kilomita 60. Sai dai ana iya sa wa ƙananan Taycan masu jan ƙafa huɗu shi a matsayin ƙari, kuma wannan yana rage wa Turbo GT hujja.

Ƙunshin Weissach, wato zaɓin da ke rage wa motar nauyi don filin tsere, ba a biyan ko sisi a kansa, amma a san abin da ake bayarwa. Ana cire kujerun baya gaba ɗaya, a cire shimfiɗun ƙasa da lasifikokin baya da wani ɓangare na abin tare ƙara, a bar mashigar caji guda ɗaya a ɓangaren fasinja, wadda ake buɗewa da hannu. A madadin haka a rage kimanin kilo 70, a kafa fiffike a baya, gudu ya tashi daga kilomita 290 zuwa 305 a awa, tashi ya sauko daƙiƙa 2.2. Mota mai ƙofa huɗu da kujera biyu, abin da ɗan ban dariya. Wanda garejinsa ke da wuta a ɓangaren direba kuma, ya tanadi doguwar waya.

Birkin na seramik ne, faifan gaba milimita 420. A cikin gari kusan hutu yake yi, domin injinan lantarki ne ke rage gudu suna mayar da wuta batir, har kilowat 400. Amfaninsa a nan shi ne ba ya tsatsa, saɓanin faifan ƙarfe da ke lalacewa a motocin lantarki saboda rashin aiki. Matsalarsa gautsi. Idan mai gyaran taya ya zare rim ba tare da ya ɗaura sandunan jagora a ramin noti ba, rim ɗin ya bugi bakin faifan, ya ɓantare, to faifan ya tashi aiki, kuma canza guda huɗun kuɗin ƙaramar mota ne. Taya ma haka: Pirelli ce mai inci 21, roba mai laushi, ga nauyi ga ƙarfin da ke zuwa nan take. Duk tashin gwaji da aka yi don nuna wa abokai, daga jikin tayar baya ake biya.

Caji kuma da sharaɗi. Kilowat 320 da minti 18 daga kashi 10 zuwa 80 da ake tallatawa suna samuwa ne a na'ura mai bolt 800, kuma sai batirin ya kai zafin da ya dace. Hanyar ita ce a sa tashar cajin a taswirar motar tun kafin a isa, ita za ta ɗumama ko ta sanyaya batirin a hanya. Wanda ya faka kai tsaye da batir mai sanyi zai ga rabin wannan ƙarfi ya zaci na'urar ce ta lalace. A tashar bolt 400 kuwa, kilowat 150 ne iyaka. A gida da kilowat 11, sai an ba ta fiye da awa 9, kuma ana buƙatar layin wuta mai fes uku. Kilomita 555 a caji ɗaya da gwajin Turai na WLTP ya nuna na mai lallaɓa totur ne. A filin tsere zagaye kaɗan ake yi a nemi waya.

Yanzu ga inda maganar farashi ta yi tsami. Lars Kern, direban gwajin Porsche, ya zagaye filin tseren Nürburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, da Turbo GT cikin 7:07.55, wato minti 7 da daƙiƙa 7.55. Rimac Nevera ta Kuroshiya, mai kimanin Yuro miliyan 2, ta yi 7:05.298 a 2023. Sai ga Xiaomi, kamfanin wayar salula na Sin, da SU7 Ultra mai doki 1,548, ta yi 7:04.957 a 2025 da ƙarin kayan tsere a jikinta. Xiaomi ta fara shelanta Yuwan 814,900 a Oktoban 2024, da ta zo fitar da motar a Fabrairun 2025 sai ta ce 529,900, wajen Dala 73,000. Motoci uku, tsakaninsu bai kai daƙiƙa uku ba, amma ta tsakiya ta ninka ta ƙasa sau uku a kuɗi, ta sama kuma ta ninka ta tsakiyar sau takwas. Da fetur, Bugatti Veyron sai da injin silinda 16 ta kai doki 1,000. Da lantarki, injina biyu ko uku da inbata mai kyau sun isa. Gaskiya ne a 2025 a Sin kawai ake sayar da Xiaomin, kuma Amurka ta toshe ƙofa da harajin kashi 100 kan motocin lantarkin Sin. Duk da haka masu kuɗi sun gani. Mate Rimac, shugaban kamfanin Rimac, da kansa ya faɗa a 2024 cewa kasuwar irin waɗannan motoci ta yi sanyi, alhali Nevera 150 kacal aka tsara ƙerawa.

Mafi girman kuɗin da mai Taycan zai kashe ba ya cikin takardar dila, yana ranar da zai sayar. Porsche 911 GT3 mai fetur ta hannu tana riƙe darajarta, wani lokaci har ta haura sabuwa. Taycan ta hannu faɗuwa take yi da sauri, kuma dalilin a fili yake: sabuntawar 2024 ta ɗaga batir daga kilowat-awa 93.4 zuwa 105, caji daga kilowat 270 zuwa 320, sai tsofaffin suka tsufa dare ɗaya. Cinikin sababbi ma ya sauka daga 40,629 a 2023 zuwa 20,836 a 2024. Garantin batir shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma mai saye na biyu yana ƙirga abin da ya rage masa. Kayan ƙari irin su fenti na musamman da ɗinkin fata, da wuya su dawo da ko rabin kuɗinsu. Shi ya sa hayar shekara biyu ko uku ta fi saye hikima, asarar ta zauna a wuyan kamfanin bashi.

Ga masu jiran sababbin da ke tafe, farashin shela ba alkawari ba ne. Tesla ta nuna Roadster a 2017 a Dala 200,000, ta karɓi kafin alƙalami na Dala 50,000, ta ce za ta fito a 2020, shekaru suka yi ta wucewa babu mota. Maserati ta soke MC20 ta lantarki a 2025. Reuters ta ruwaito a Yunin 2024 cewa Ferrari ta lantarki ta farko ba za ta gaza Yuro 500,000 ba, kuma wannan kuɗin suna ne da ƙarancin adadi, ba na batir ba. Ma'auni mafi amfani ga Porsche shi ne Macan: ta lantarki ta fito a Dala 78,800 lokacin da ƙaramar ta fetur take wajen 63,000. Mai jiran Porsche 718 ta lantarki, ƙaramar mota mai kujera biyu, ya sa irin wannan tazara a lissafinsa, kuma kada ya ba da kafin alƙalami sai an rubuta masa cewa ana mayarwa.

Ita Turbo GT, mai zuwa filin tsere a kai a kai, wanda ke da tashar caji mai ƙarfi kusa da filin, zai ci moriyarta, kuma a farashin 2024 tsakaninta da Turbo S ta Dala 209,000 Dala 21,000 ne kawai, don haka in dai an kai can gara a ƙarasa. Wanda titi zai hau, Taycan GTS mai doki 700, mai kai 100 cikin daƙiƙa 3.3, ta fito a Dala 147,900. Ya sa mata Active Ride, ya bar birkin seramik, ya riƙe sauran kuɗinsa don taya da inshora.