Malamar da ke taya manya shirya kaya da lokaci a Damagaram

A unguwar Sabon Gari da ke nan Damagaram akwai wata malama, tsohuwar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, da ke yin wata hidima wadda ba mu saba da irinta ba: tana zuwa gida ko shago ta taya babban mutum shirya kayansa da lokacinsa, musamman wanda hankalinsa ba ya zama wuri guda. Na kai ta wurin yayana, tela ne kusa da Kasuwar Dole, gwani a ɗinki amma cika alkawari ya gagare shi, har ta kai duk jajibirin salla sai an yi cacar baki da masu kaya a ƙofar shagonsa.

Abin da ya fara kwanta mini a rai shi ne ba ta kira matsalar lalaci ba, ba ta kuma jingina ta ga iska ko sammu ba, kamar yadda dangi suka daɗe suna yi. Ta bayyana mana cewa likitoci sun san wata lalura ta rashin tsayuwar hankali, wadda ake taƙaita sunanta da TDAH a Faransanci, alamunta kan bayyana kafin shekara 12, kuma mutane da yawa sukan girma da ita. Littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da ya fito a 2013 ya ƙiyasta cewa tana shafar kusan kashi 2.5 cikin 100 na manya. Ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa ita ba likita ba ce, ba ta da hurumin yanke cewa yayana na da wannan lalura, balle ta rubuta magani, don haka ta shawarce shi ya je asibiti a duba shi.

A shagon ba ta taɓa kome da hannunta ba. Ta zauna a benci tana tambaya: "Malam, yaushe rabonku da buɗe wannan buhu?" Shi da kansa ya zazzage shi, sai ga ƙyallaye, da shaddar mutane babu suna, da awon da aka rubuta a bayan kwalin shayi. Maimakon ta sa a sayo akwatuna, sai ta sa aka kafa ƙusoshi a bango, kowace rana da nata, domin a cewarta mai irin wannan hali yakan manta da duk abin da aka rufe. Kowane yadi ana sa shi a leda tare da takarda mai ɗauke da sunan mai shi, da awonsa, da kafin alƙalamin da ya bayar, a rataye a ƙusar ranar da za a karɓa, kuma in ƙusa ta cika ba a ƙara karɓar aikin wannan rana ko da aboki ne ya kawo. Alhamis, ranar da kasuwa ke cika, an bar ta babu alkawari. Lokaci ma ba ta ɗaura shi a agogo ba, ta ɗaura shi a salla: yanka daga hantsi zuwa azahar, salula tana cikin aljihun tebur, ɗinki kuma bayan la'asar. A ganina wannan dabara kaɗai ta cancanci kuɗin.

Sai dai akwai gyara. Jika biyar kowane zama ya yi wa ƙaramin mai sana'a nauyi, kuma takardun da take bari duk da Faransanci suke, alhali yayana da ajami yake rubutu, sai da ɗansa ya juya masa su. Ta kuma matsa a sayar da tsohon keken ɗinkin mahaifinmu tun da ya daina aiki, abin da ya ɓata masa rai ƙwarai, domin kayan gado ba tarkace ba ne, ko da yake ta janye maganar da ta fahimci haka.

Ƙusoshin suna aiki har yau, kuma sallar da ta wuce masu kaya sun karɓi ɗinkinsu a kan kari, amma ɗakin ajiya na baya ya soma komawa gidan jiya tun da ta daina zuwa. Wanda zai neme ta ya daidaita kuɗi tun farko, ya roƙi a rubuta masa tsarin da Hausa, ya kuma nemi ta riƙa leƙowa ko da sau ɗaya ne a wata.