Kyamara ko bugun zane, wanne zan kama?

Kullum sai an min tambayar nan. Wajen kuɗi, kyamara sai ka shirya, amma wayarka ma ta isa ka fara. Bugun zane kuwa, wato ka sassaƙa zane a jikin katako ka shafa tawada ka danna a takarda, kayansa katako ne da wuƙar sassaƙa da tawada, ba tsada, sai dai cin lokaci, ga shi a juye ake sassaƙawa kuma in ka yanke ba daidai ba shikenan babu gyara, hoto kuwa gogewa kawai za ka yi. Daraja fa? Bugu goma da ka sa wa hannu sun fi hoton da kowa zai kwafa a waya, dubi Bruce Onobrakpeya, shahararren mai bugun zane na Najeriya da ya yi karatu a Zariya. Mai neman na cefane da wuri ya ɗau kyamara ya bi biki, mai haƙuri ya kama bugu.