Ofishin ƙungiyarmu ta ma'aikata: yadda suka yi min da aka cire sunana

Jama'a ni malamin firamare ne, shekara 11 ina koyarwa, duk wata sai an yanki kuɗin ƙungiya a albashina tun kafin alat ya shigo, amma wallahi ban taɓa taka ofishinsu ba sai bara da aka yi tantancewa kawai na tsinci sunana cikin ma'aikatan bogi. Ni da nake shiga aji kullum! Wata uku ba ko sisi, har mai shagon layinmu ya fara kau da kai in ya hango yarona da leda.

Abokin aikina ne ya ce Malam ka leƙa sakatariyar ƙungiya mana. Ɗaki biyu ne kacal, fanka ɗaya mai ƙara, benci cike da tsofaffin malamai 'yan fansho kowa rungume da fayil ɗinsa. Sakataren bai yi min wulaƙanci ba gaskiya, ya ce zauna Malam, kawo takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da BVN. Shi da hannunsa ya rubuta wasiƙar, ya haɗa mu da sauran waɗanda abin ya shafa ya shiga gaba muka je wajen kwamitin, ya tsaya a tsaye yana kare mu ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ko kuɗin mai bai nema ba. Sati biyar aka mayar da sunana, ariyas kuma aka biya ni biyu cikin uku, ɗayan har yau muna bi.

Inda suka gaza kuwa dole in faɗa. Waya ba sa ɗauka sai ka je da ƙafarka, takardu a jibge cikin buhu babu kwamfuta ko ɗaya, kuma wata malama da goyo ta wuni a bencin nan ba wanda ya ce a fara sallamarta. Abin ya tsaya min a rai sosai.

Sai maganar mafi ƙarancin albashi. Kowa ya tuna yajin aikin manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, na 3 ga Yuni 2024 da aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, daga baya a watan Yuli Tinubu ya sa hannu a kan dubu 70 maimakon dubu 30 ta 2019. To amma mu na ƙananan hukumomi kullum mu ne na ƙarshen layi, malaman firamaren Abuja ma sai da suka yi sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan kuɗin. A nan nake so reshenmu ya ƙara matsa lamba, ba sai an taɓa mutum ɗaya ba.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su. In za ka je ka tafi da sassafe kafin benci ya cika, kuma ka yi hoton kowace takarda kwafi biyu.