Jakar roba mai nuna ciki da makaranta ta sa muka saya, ga yadda na same ta

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana, musamman masu 'yan mata a sakandare. Maganar jakar goyon nan ce ta roba garai-garai wadda ake hango duk abinda aka zuba a ciki, makarantar su yarinyata ce ta turo takarda wai saboda tsaro daga yanzu ba za'a ƙara shiga get da jakar yadi ba. A taƙaice dai in makarantarku bata tilasta ba kar ki ɓata kuɗinki, in kuma an tilasta toh kar ki siyo ta ita kaɗai, akwai abinda dole ki haɗa mata dashi in dai 'yarki ta fara ganin al'ada ko ta kusa.

A Ƙofar Wambai na siya, layin masu jakunkuna. Iri biyu na tarar, akwai siririya mai arha wadda robarta bata fi ta rufe littafi kauri ba, akwai mai kauri wadda aka bi gefenta da baƙin yadi. Mai shagon yace Hajiya ɗauki mai kaurin nan har ta gama makaranta ba abinda zai same ta, nace toh Alhaji Allah yasa, na biya kuɗin da ya fi na jakar yadi mai kyau. Gaskiya ranar farko abin sha'awa, sai dai warin roba da sai da muka shanya ta a tsakar gida kafin ya ragu.

Amma fa duk wanda ya ƙera jakar nan bai san garin Kano ba. Da zafi robar laushi take yi tana danƙo, takardar fotokwafi in ta kwana a jikinta sai rubutun ya tashi ya manne a robar, kinga an yi asarar takarda an ɓata jaka, ga bayan yarinya sharkaf da gumi ta cikin hijabi dan roba bata shan iska. Da hunturu ya shigo kuma sai ta sandare ta fara tsagewa ta wajen lanƙwasa da bakin zif, ƙura ta bi ta dusashe tayi wani kalar ruwan ƙasa-ƙasa, duk gogewar da za ki yi bata komawa yadda take. Madaurin ne kawai zan yaba, bai tsinke ba duk da uban littattafan da ake ɗora musu. Sai kuma maganar adaidaita sahu, yarinya na zaune kowa na kallon kuɗin tararta da kalkuleta, wai jakar tsaro kenan.

Ni bana cikin masu raina maganar tsaro a makaranta, duk wanda yake garin nan ranar 20 ga Janairun 2012, ranar da aka kai hare-haren bama-bamai a Kano, ba sai an bashi labari ba. A 2014 kuma makarantu aka dinga bi, bam ya tashi a makarantar koyon tsafta, a watan Yuli wata 'yar ƙunar baƙin wake ta tada bam cikin ɗalibai a Poli, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, a Satumba aka shiga FCE, kwalejin ilimi ta tarayya, da bindigogi. Tun lokacin muka saba da caje, a masallaci a kasuwa a asibiti, mu mata masu hijabi mun fi kowa sanin wannan. Dan haka da aka ce za'a duba jakar yara ban ji komai ba. Abinda dai nake ta tambayar kaina shine, ɗaliban da aka sace a Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, wanne ne a ciki aka shigo da masifar a jakar ɗaliba? Duk daga waje aka zo, da bindiga, aka tarar da makarantar da ba abinda zai tare su. Abinda makarantar mu take tsoro in za'a faɗi gaskiya shine waya da wuƙa da ƙwaya, kuma wannan tsoro ne mai dalili, duk mai yaro namiji a Kano ya san zancen daba da shaye-shaye. Sai dai yaron da zai shigo da ƙwaya a safa zai saka, ba a jakar da kowa ke gani ba.

Dabarar ma ba tamu bace, daga Amurka ta yi suna. A Fabrairun 2018 wani tsohon ɗalibi ya shiga wata sakandare a garin Parkland na jihar Florida ya kashe mutum 17, da aka koma karatu sai hukuma ta raba wa ɗalibai irin wannan jakar tace dole. Yaran basu yarda ba, kuma cikin abinda 'yan matan suka fi kuka dashi har da wannan maganar ta audugar mata, har wani ɗalibi namiji ya cika tashi jakar taf da irin audugar da suke amfani da ita a can ya shigo da ita makaranta dan ya nuna yana bayansu. Ba'a daɗe ba aka janye dokar. Toh in yaran Amurka da ake cewa basu da kunya abin ya dame su, ina ga 'yar Kano wadda ko a gaban ubanta bata yarda a gane tana fashin sallah.

Nan ne fa inda jakar nan ta fi ci min rai. Yarinya 'yar shekara 13 ko 14 da ta fara al'ada, shekarun farko abin bashi da tsayayyen lokaci, wani watan ya zo da wuri wani watan ya tsallake, dan haka ba wai kwanakin kawai za ta riƙe kaya ba, kullum sai da shiri a jaka, auduga ko biyu, kamfai na canji, baƙar leda, ɗan sabulu. Ledar audugar nan kuma kin san su, ko Always ko Virony ko Molped duk kalarsu ihu take daga nesa. Makarantar haɗe take maza da mata, get ɗaya, layi ɗaya da safe, ga Baba maigadi ga firifet maza suna taya shi. Kuma kar ki ɗauka dan jakar na nuna ciki an daina zazzagewa, ina, ana hangowa kuma ana zazzagewa a kan tebur, kayan yarinya a baje kamar tiren mai talla, samari na baya suna leƙe suna ƙunshe dariya. Kalma ɗaya wani zai jefa a aji shikenan an samu sunan tsokana har ƙarshen zango.

Sai na lura audugar da nake siya bata raguwa yadda ya kamata. Da na zaunar da yarinyata a ɗaki tace Umma ni bana tafiya da ita, wadda na saka da safe ita ce har na dawo. Tun bakwai da rabi fa, kuma ranar da suke da lesin sai bayan la'asar. Ma'aikatan lafiya cewa suke a canza duk bayan awa 4 zuwa 6, balle da zafin nan namu, banda ƙaiƙayi da gogewar fata ga fargabar kar ya ɓata siket a tashi da tabo a gaban aji. Tace ƙawayenta wata a safa take cusawa, wata a tsakiyar littafin lissafi, wata a rigar nono, wasu kuma rana ta biyu da jinin ya fi zuba kawai cewa suke kansu na ciwo su ƙi zuwa. Kinga dokar da aka kafa dan a kare yara ta koma tana korar su daga aji, kuma ba mai rubuta wannan a rijista, abinda za'a rubuta shine yarinyar bata son karatu. Ga maganin ciwon mara shima, ko farasitamol aka gani a jaka ƙwacewa ake tunda an hana shigo da kowane irin magani, wannan kam na fahimce su, amma sai a ajiye a wajen wata malama yadda yarinya za ta iya zuwa ta karɓa ba tare da ta tsaya tana bayani a ofis cike da maza ba.

Abinda ya ɗan cece mu wata 'yar jaka ce da telar unguwarmu ta ɗinka min, mace ce a gida take ɗinki. Ragowar atamfa mai duhu, tayi mata shafi da yadin lema wanda ruwa baya ratsawa, girmanta kamar gwangwanin kayan lissafi, aljihu biyu, ɗaya na sabuwa ɗaya na wadda aka cire in ba'a samu wajen yarwa ba. Wannan aljihun na biyu shi ya fi komai amfani, musamman ga masu amfani da audugar yadi da ake wankewa ko ƙunzugu, kuma yanzu suna da yawa dan tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin auduga yake hawa, duk da tun 2020 aka ce an ɗauke wa wadda ake yi a gida harajin VAT mu dai bamu ji sauƙin a aljihu ba. Kuɗin ɗinkin bai kai na fakitin auduga ba. Aibinta ɗaya zif ɗin da ta fara sawa na banza ne yana cijewa sai da aka canza, kuma dan Allah kar ki yarda a sa miki abin mannawar nan mai ƙara in an ɓare, banɗakin makaranta a jere yake, yarinya bata son ta kusa da ita ta ji ƙarar komai.

Amma ita ma 'yar jakar ranar farko cewa aka yi meye a ciki buɗe mu gani, tunda dokar cewa tayi komai sai an gani. Dole na sa hijabi na tafi makarantar, Abbansu yace shi wannan ba maganarsa bace ni in je. Mataimakiyar shugaba na samu, mace mai kirki. Nace Malama ba faɗa ya kawo ni ba, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba, a caje yara mun yarda, amma mace ta caje mace, kuma a gefe. Tace wallahi Hajiya da aka zauna aka tsara dokar nan ba wanda ya kawo wannan a ransa, na tambaye ta mata nawa ne a zaman, sai tayi dariya kawai. Aka tsaya a kan malama mace za ta dinga tsayawa da safe, ƙaramar jakar in ana son dubawa ita kaɗai za ta buɗe a ɗakin bakin get, kuma an cire firifet maza daga taɓa jakar mata. Ranar da malamar ta makara dai Baba maigadi ne, shi kuma bawan Allah dattijo ne da jikoki, da ya hango 'yar jakar atamfa sai ya kauda kai yace wuce 'yata, ashe shima tun farko aikin nan nauyi yake masa.

Abin mamaki yaran nan duk sun karanta babin haila a Ahalari a Islamiyya, malami namiji ma yake koyar dasu kuma ba wanda ya ga aibu. Nana A'isha da kanta da tace tana haila Manzon Allah (SAW) ce mata yayi hailarki ai ba a hannunki take ba. Ba ƙazanta bace kuma ba laifi bane, amma sirrinta ne, ita ke da ikon wanda za ta faɗa wa. Shi yasa ma ban so abinda ake yi lokacin azahar ba, a tsaya a bakin masallacin makaranta ana kiran sunan waɗanda basu shiga ba ɗaya bayan ɗaya ana tambayar dalili da ƙarfi, wannan ma na faɗa wa mataimakiyar shugabar, tace za ta yi wa malamin magana.

Da zan fito na leƙa banɗakin 'yan matan. Katanga an zagaye ta da waya mai ƙaya, an sa kyamara a get, amma ƙofar banɗaki ba sakata sai wata ta riƙe miki, ba kwandon shara mai murfi, buta ɗaya duk layin. Sakata nawa take fisabilillahi? Wannan har yanzu ba'a gyara ba, mun dai haɗa baki da wasu iyaye za mu tada maganar a taron iyaye da malamai mai zuwa.

In dole sai kin siya, ki ɗauki mai kauri mai yadi a gefe da ƙasa, ki lanƙwasa kusurwar a gaban mai shagon in ta yi farin layi ki ajiye masa kayarsa dan hunturu ɗaya za ta fashe, ki ja zif ɗin sama da ƙasa ki ji, kar a barta a rana ko a bayan mota, takardun fotokwafi a sa su a fayil. Kuma kafin yarinya ta fara zuwa da ƙaramar jakar atamfar ki je da kanki ki nuna wa shugabar makaranta ko malamar ajinsu a amince tukunna, kar ki bari sai an tare ta a get tana kame-kame. Ƙanwar yarinyata tana aji shida na firamare, na riga na ba telar ƙyalle ta ɗinka mata tata.